Inji Mai Dangi

"…lafiya ƙalau, sai dai gwiwa. Kai fa, ya kake fama da wannan warin mai?"

"Mun saba, Iya. Sannunku da zuwa. Wannan jikanki ne?"

"Wa? Wannan? Mijina ne. Haka na same shi, haka nake haƙuri da shi."

"Kada ka biye mata," in ji saurayin da ke bayanta, yana sauke wata tsohuwar jaka daga kafaɗa. "Tun a mota na sake ta, ta ƙi sauka. Kaka, wai me kika cusa a jakar nan? Duwatsu?"

"Kayan mata. Ajiye, kada ka buɗe."

Ina zaune a kan benci a shagon, na kawo injin ban-ruwana da ya kwana biyu yana tari. Shago ne da ake sayar da injuna, ake kuma gyara su. Tebur ya yi baƙi da maiƙo, ga wani kwano da ake wanke noti a ciki, ga sababbin kaya rataye a bango. Mai shagon ya riga ya kwance nawa, ya baza kayan cikinsa a kan buhu, sai ga su sun shigo.

Na san su. Gonar tsohuwar tana jingine da tawa, can inda hanya ta ƙare. Gida ne a tsakiyar lambu. Mijinta ya fara dashen itatuwan, da ya rasu ita ta ci gaba. Bana ruwa ya yi yawa, ciyawa ta taso har tana leƙa tagar ɗakin girki, masu lauje da adda da suka saba zuwa mata kuwa duk sun tafi neman aiki cikin gari. Sai aka ga maciji a bayan randa. Labari ya kai wa ɗanta a birni, ya yanke magana: ko a sami injin yankan ciyawa wanda ita da kanta za ta iya tayarwa, ko ta tattara kayanta ta koma wurinsa, a rufe gidan. Ba na jin ya yi zaton akwai irin wannan inji. Ban dai tambaye shi ba. Ya turo ɗansa, wanda kowa ke kira Tela saboda sana'arsa, ya rako ta, ya kuma zama shaida. Yaron ko tef ɗin awo bai cire daga wuyansa ba.

"A'a, maƙwabci," in ji ta da ta gan ni, "kai ma asibiti ka zo?"

"Jinya nake," na ce.

"Allah ya ba shi lafiya. Mai shago, abin nan nake so, mai dogon wuya, wanda ke kuka kamar an taka wutsiyar kare yana cin ciyawa. Mai shan fetur, ba mai jiran wuta ba, don wajenmu wuta baƙuwa ce. Kuma mai ƙarko. Wanda zai binne ni, ya binne wannan, ya ci gaba da aikinsa."

"Ke?" in ji Tela. "Ai ba a ƙera injin da zai binne ki ba. Ƙarfe ma gajiya yake yi."

"Ka ji baƙin ciki. Gado yake jira."

"Wane gado? Ciyawa?"

Mai shago ya sauko da guda uku ya jera a ƙasa. Wani ja, mai miƙaƙƙiyar sanda da faffaɗan mariƙi kamar na keke. Wani kore, ɗan siriri, wuyansa a lanƙwashe. Na ukun ruwan ɗorawa ne, yana ta ƙyalli, ledarsa ma ba a gama cirewa ba.

Tela ya nannaɗe hannun riga, ya shiga ɗaga su ɗaya bayan ɗaya yana jijjigawa.

"Me kake yi?" in ji Kaka. "Kankana kake saya?"

"Nauyi nake ji. A sana'ata, keken da ya fi nauyi shi ya fi daɗewa. Kan keken da nake ɗinki da shi sai mutum ya yi nishi yake ɗaga shi, kuma ya girme ni."

"Kowa ya girme ka. Keken a ƙasa yake zaune, kai ma a zaune kake yini. Wannan a kafaɗa ake rataya shi. Ka taɓa ganin an goya keken ɗinki an shiga ciyawa?"

"To ɗauki koren, ga shi nan kamar tsintsiya."

"Wannan mai ƙusumbin? Na ishi kaina. In muka shiga lambu ni da shi, ba a san wanda ke tokare wani ba."

"Iya, an lanƙwasa shi ne don sauƙin riƙo," in ji mai shago. "Amma gaskiya na ɗan tsakar gida ne. In fili babba ne, miƙaƙƙen ya fi jure wahala."

"Ka ji ko? Miƙaƙƙe. Kai ma da ka miƙe da ka yi amfani."

Tela ya tsuguna a gaban jan, ya kama wani abu da ya leƙo daga kansa. "Wannan fa? Sun manta ba su yanke ba?"

"Ai shi ne mai yankan," in ji mai shago. "Zaren roba ne. Inji ke juya shi da gudu, yana tsinke ciyawa. In ya cinye, sai ka buga kan a ƙasa, wani ya fito."

"Zare?"

"Zare."

"Malam, ni da zare nake ci nake sha. Zare haɗa abu yake yi, ba ya raba shi."

Ya jawo bakin zaren ya sa a haƙori zai tsinka, kamar yadda ya saba a shagonsa. Sai muka ji ya ce wash, ya dafe muƙamuƙi.

"Ci gaba," in ji Kaka. "Saura kaɗan ka kamo ni a giɓi, mu zama daidai."

Mai shago ya ga kamar ciniki zai kuɓuce, ya shiga ciki ya fito da wani faifan ƙarfe mai haƙora. "In zaren bai yi muku ba, ga wannan. Ana cire kan a ɗaura shi. Ba ya cinyewa. Har ƙananan itatuwa sarewa yake yi."

"Yauwa!" in ji Tela. "Yanzu aka zo wurin. Ɗaura mana."

"Mayar da shi inda ka ɗauko," in ji Kaka.

Duk muka dube ta.

"Kaka, ba ke kika ce mai ƙarko ba?"

"Ni na ce."

"Ga ƙarfe, ga roba. Wanne ne mai ƙarko?"

"Ƙarfen."

"To?"

"To robar nake so."

Mai shago ya tsaya da faifai a hannu, ya dubi Tela, ya dube ni. Ni kuwa na dubi injina.

"Akwai 'yan dashe a cikin ciyawar nan," in ji ta. "Lemo, da gwaiba, ba su kai gwiwa ba. Akwai bututun roba da ya taso daga rijiya. Akwai zabuwa tana kwance a kan ƙwai."

"A ina?"

"A inda suke."

"Kin sa alama?"

"Ni ce alamar."

"Iya," in ji mai shago a hankali, "ko zaren ma in ya sami ƙaramin dashe, feƙe shi zai yi."

"Na sani. Amma zare yana ba mutum damar cewa tsaya. Wancan kafin ka buɗe baki sai dai ta'aziyya."

Tela ya karkata kai. "Wa za ki ce wa tsaya? Ba ke za ki riƙe injin ba?"

"Kaina zan ce wa. Ka ga laifi?"

Ana cikin haka aka kira mai shago daga waje, wani ya kawo kaya a amalanke. Yana fita Kaka ta ɗaure gyalenta a ƙugu, ta sunkuya ta kama igiyar koren ta ja. Inji ya ce furr, ya yi shiru. Ta sake ja. Ta koma kan mai ƙyallin, shi ko furr ɗin bai ce ba. Ta je kan jan, igiyar ta ƙwace daga hannunta ta koma da kanta.

"Kai, har da rashin kunya?"

"Matsa ki ga maza," in ji Tela. Ya ja, ya ja, har tef ɗin wuyansa na tsalle. Babu wanda ya tashi. Ya laluba ƙasa da ƙafa kamar mai neman feda, ya rasa.

"Kawu," ya ce da ni, "kai da ke da inji, me muka yi ba daidai ba?"

Na buɗe baki ke nan mai shago ya dawo.

"Bawan Allah," in ji Kaka tana haki, "gawa kake sayarwa? Duka ukun matattu ne. Na gwada, mijina ya gwada, ko da yake shi ba a sa shi a lissafi."

"Iya, ai babu mai a cikinsu."

Tela ya saki igiyar.

"Ni dai na san da haka," in ji Tela. "Ƙarfin igiyar nake aunawa."

"Maƙaryaci. Har addu'a na ji kana yi."

Mai shago ya kawo galan da wata 'yar kwalba mai zane-zane a jiki. Ya ce ja da kore ba sa shan fetur zalla, sai an haɗa musu da baƙin mai daidai gwargwado, a girgiza. In mai ya yi kaɗan inji ya ƙone, in ya yi yawa ya yi ta hayaƙi yana kashe filogi.

"Inji ne ko mai jego?" in ji Kaka. "Sai an dama masa?"

"Me zai hana a ɗiga masa ta waje?" in ji Tela. "Ni haka nake wa kekena."

"Ba haka ake yi ba. Amma wannan," ya dafa mai ƙyallin, "ba ruwansa da haɗi. Fetur daban, mai daban. Sabon shigowa ne."

"Shi ke nan, an gama. Kaka, ga naki."

Kaka ba ta ko dubi injin ba. Tana kallon wata ƙofa da ke bayan tebur. "In sun mutu, ina kake kai su?"

"Su wa?"

"Waɗanda ka sayar bara da bara waccan. Ba sama suke tashi ba."

Ya tura ƙofar. A bayan shagon, ƙarƙashin rumfar kwano, ga su nan jibge, wasu ba kai, wasu ba tanki, sanduna sun harɗe da juna. Na tashi ni ma na leƙa. Jajaye sun fi yawa nesa ba kusa ba. Koraye tsilla-tsilla. Mai ruwan ɗorawa ko ɗaya babu.

Tela ya tafa hannu. "Magana ta ƙare! Kin gani da idonki. Jan nan shi ya fi kowa mutuwa. Mai ƙyalli kuwa ko ciwon kai bai taɓa yi ba."

"Jan za mu saya," in ji Kaka.

"Inna lillahi. Kawu, ka ji fa. Tsohuwar nan ta fara rikicewa. An nuna mata maƙabarta, ta ce a nan za ta kama haya."

"Mai shago, wancan mai ƙyallin, ba ya lalacewa ne, ko kuwa in ya lalace ba a wahalar kawo maka?"

Mai shago ya sosa ƙeya. "To… gaskiya bana aka fara kawo shi."

"Ka sayar da nawa?"

"Wannan ne zai zama na farko."

"Ka ji. Wanda bai taɓa fita rana ba ai dole ya yi kyan fata. Kamar wani da na sani."

"To jan fa?" in ji Tela. "Me ya tara su a nan in suna da ƙarko?"

"Su aka fi saya," in ji mai shago. "Wasu a nan sun fi shagon nan daɗewa. Ko kuwa… su aka fi kawowa gyara. A'a, tsaya. Su aka fi saya, shi ya sa aka fi kawo su. Ko dai…" Ya kalli tulin. "Wallahi da kuka shigo na san wanda zan ba ku. Yanzu ni ma ban sani ba."

"Kawu, raba mu."

"Nawa shuɗi ne," na ce.

Kaka ta nuna tulin da baki. "In wani abu ya karye a jikin jan, ina za ka samo?"

"Ga su nan. Kafireta, tanki, kan zare, igiya, duk sai in ciro daga waɗannan."

"In na mai ƙyallin ya karye fa?"

"Sai an aika nesa. In an dace."

"To ka gani, mijin banza. Ba wanda ba ya ciwo nake nema ba, babu shi. Mai dangi nake nema. Jan nan duk inda ya juya 'yan'uwansa ne. In ya kwanta, akwai mai taimakonsa a kusa. Wancan maraya ne, kyansa na yini ɗaya ne."

Ta faɗa tana murmushi, don ta san ta yi nasara. Tela ma dariya yake yi lokacin da ya amsa.

"Ashe kin sani! Ai abin da Baba ke ta faɗa miki ke nan. Ki koma kusa da dangi."

Ya faɗa ne da wasa. Amma maganar ta fito ta tsaya a tsakiyar shagon, babu wanda ya ɗauke ta. Murmushin Kaka ya tafi. Ta dubi tulin nan na bayan shago, ta daɗe tana dubansa. Tela ya shiga naɗe tef a yatsa yana warwarewa.

Can ta ce, ba da ƙarfi ba, "Mai shago, in tambaye ka. Injin da ke aikinsa a gona, in ya nemi taimako, shi ake ɗaukowa a jefa cikin waɗannan, ko daga cikinsu ake ɗauka a kai masa?"

"Daga nan ake ɗauka a kai masa mana. Wa zai jefa mai aiki a juji?"

"To," in ji ta. "Zuba wa jan abincinsa."

Aka fito da shi bakin ƙofa. Mai shago ya auna, ya girgiza, ya zuba. Ya nuna mata wata 'yar roba da ake dannawa har mai ya hau, da ɗan maɓallin da ake ɗagawa in inji ya yi sanyi. Ta bi komai da ido, ta maimaita da hannunta, ba ta yi kuskure ba. Sannan ta yi bisimilla, ta kama igiya.

Ta ja, inji ya biyo ta. Ta danne shi da hannu ɗaya ta ja da ɗayan, igiyar ta fito rabi ta tsaya. Ta gyara tsayuwa ta sake. Ya yi tari kamar zai tashi, ya fasa. Ta sake. Wayar Tela ta yi ƙara a aljihu, ya ciro ya duba, ya mayar bai amsa ba. Kowa ya san ubansa ne ke kira.

"Kawo koren," in ji Tela. "Ya fi laushi."

Aka zuba wa koren. Shi ma ya ƙi ta.

Kaka ta saki igiya, ta kwance gyalen daga ƙugu, ta zo ta zauna kusa da ni a kan benci tana murza kafaɗa. Ba ta dubi kowa ba.

"Maƙwabci," ta ce, "zabin nan sai ka riƙa leƙa su. Ba sa son hayaniya. Lemon kuma, na kusa da rijiya ya fi son ruwa."



Tela ya tsaya a kan jan injin yana kallonsa kamar ya yi masa laifi. Ya ɗan shure shi da gefen takalmi.

"Ni fa ban yarda ba," ya ce. "Gwajin nan bai yi ba. Injin guduwa yake yi, ba a danne shi ba. Ke tsohuwa, taso."

"Na gaji."

"Dama ragwanci gare ki, shi ya sa na sake ki. Taso ki taka nan."

"Kai wa ya aike ka? Hannun da bai san abin da ya fi allura nauyi ba?"

"Taka dai ki gani."

"In ka ɓalle kafaɗa kada ka ce ni ce. Ba ni da abin biyan diyyar tela."

Ta taso tana mita, ta ɗora ƙafa inda mai shago ya nuna, ta dafa kan Tela kamar turmi. Ya ja.

"Wannan ja ne ko gaisuwa?"

Ya sake ja.

"Zare kake sa wa allura? Ja kamar ka ci abinci!"

Ya cije leɓe ya fizga. Inji ya ɗauka da wata irin ƙara, hayaƙi ya turnuƙe, kan zaren ya shiga juyawa yana watsa tsakuwa. Mai amalanke da ke waje ya yi tsalle ya koma bayan kayansa. Kaka ba ta ɗaga ƙafa ba. Ta ƙara dannawa.

Wayar ta sake ƙara. Wannan karon Tela ya amsa, ya toshe ɗaya kunnen da yatsa. Muryar uban ba ta zo mana ba, tasa kawai muke ji.

"Baba! … E, shi kake ji. Ya tashi. … Ƙafarta na kai yanzu haka. … A'a, hannu nawa ne. … Ƙafar tata ce. … To ai in ba ta taka ba, ba zai tashi ba. … A'a, ba ni kaɗai ba. … Ba ita kaɗai ba kuma. … Baba, ni ma ban gane ba, amma ga shi yana kuka."

Mai shago ya rage wa injin murya. Tela ya saurara, ya share gumi.

"Yankan? Ai dole sai da ita. Akwai dashe a ciki, da bututu, da zabuwa. … A'a, babu alama. Ita ce alamar. … Haka ta ce. Ita za ta shiga gaba tana nunawa, wani ya bi ta a baya da injin. … Wani dai. … Baba, wani."

Yana cikin magana Kaka ta miƙa hannu ta zare tef ɗin daga wuyansa. Ta ɗauko maratayin injin da ke ƙasa, ta duba shi, ta taɓe baki. Sannan ta ɗora bakin tef a kafaɗar Tela, ta ja shi a karkace har ƙugunsa, ta sa farce a inda ya tsaya. Juye ta riƙe tef ɗin, amma ba wanda ya gaya mata.

Tela ya dubi tef, ya dubi Kaka. Ta ɗaga kai tana karanta rufin shago.

"Baba," ya ce a hankali, "ga shi nan ana gwada shi."

Ya daɗe yana saurare. Daga baya ya ce, "Duk ranar da na rufe shago. … Na ji. In ciyawar ta sake kai taga, ka zo da mota, ni zan ɗaure mata kaya. … Ba za ta kai ba."

Ya kashe wayar. Mai shago ya kashe inji. Kunnuwanmu suka ci gaba da ƙara su kaɗai.

"Me ya ce?" in ji Kaka, kamar ba ta damu ba.

"Ya ce ki zauna da zabinki. Ya ce mu biyun ba mu da hankali."

"Kai dai ya sani. Maratayin nan siriri ne, zai yanka maka kafaɗa. Ka ɗinka mai faɗi, ka sa masa soso. In ka iya."

"Wai tsaya. Ni fa rakiya na zo. Ta yaya aka yi na koma lebura?"

"Ka tambayi maƙwabci, yana zaune aka yi komai."

"Ni ma ina ta bin zancen," na ce, "amma ya tsere mini tun wajen faifan ƙarfe."

"To wanne zan ɗaure muku?" in ji mai shago. Da gaske yake tambaya.

"Mai dangin," suka ce tare.

Kaka ta jawo jakar nan da Tela ya yi ta ƙorafin nauyinta, ta zuge, ta zazzage a gabansa. Takalman roba ne dogaye, masu kai wa gwiwa, an wanke su tas. Na san su. Na sha ganinsu a bakin rijiya, a ƙafar kakansa.

"Kayan matan ke nan?" in ji Tela.

"Akwai maciji a ciyawar. Sa mu gani."

Ya cire nasa ya zura. Ya taka, suka ce fwaƙ, fwaƙ.

"Sun yi mini yawa."

"Kai ba tela ba ne? Rage su."

"Ba a rage takalmi, Kaka."

"To ƙara ƙafa."

Sai ya fashe da dariya, har ya dafa tebur ya kwaso maiƙo a hannun riga. "Na sallama. Na mayar da ke ɗakinki."

"Wa ya ce na fita?"

Ya saɓa injin a kafaɗa, ta ɗauki galan da 'yar kwalbar awo. Ta wuce gaba, yana bin ta a baya, takalman na amsa masa kowane taku. Tun ba su kai bakin titi ba na ji ta ce masa tsaya.

Ko ta san haka za a yi tun daga gida, ko kuwa ta ɗauko takalman ne don ta ba shi kafin a rufe ƙofa, ban sani ba. Mai shago ya tambaye ni, na ce ya fara haɗa mini injina tukuna. Ya tsuguna a gaban buhun, ya ɗauki noti ɗaya ya juya shi, ya dube ni.

"Baba, naka shuɗi ne ko?"

"Shuɗi ne."

Ya leƙa bayan shago, ya daɗe yana dubawa. Babu shuɗi ko ɗaya.